ASANTE KOTOKO: BEGUWAR KUMASI DA RABON 'YAN ZANGO A TARIHINTA

Duk wanda ya zauna a Aboabo ko Asawase ko Alabar ya san yadda Kumasi kan kasance ranar da Asante Kotoko take da wasa a gida. Tun da hantsi za ka ga jajayen riguna sun cika titi, masu shayi sun kunna rediyo, ana ta musu a kan wanda zai ci. Amma da yawa daga cikin samarinmu suna ɗaukar kulob ɗin na Asantawa ne kurum, mu kuwa 'yan kallo ne. To, tarihi bai ce haka ba. Ƙungiyar ta Sarkin Asante ce, wannan babu gardama, sai dai 'ya'yan zango da na arewacin ƙasar nan suna cikin waɗanda suka ɗauke ta a kafaɗa har ta kai inda ta kai.

Asalin ƙungiyar

Wani direban mota ne mai suna Kwasi Kumah ya dasa tushen abin. Ya ga yadda ake buga ƙwallo a Ankara, babban birnin ƙasarmu, da ya komo gida sai ya haɗa samari suka kafa ƙungiya a 1926 da sunan Ashanti United. Daga baya ta koma Titanics, ta kuma koma Mighty Atoms, amma ba ta yi wani ƙarfi ba. Sai a 1935 wani malamin makaranta, J.S.K. Frimpong, ya nemi izinin Sarkin Asante, Nana Osei Agyeman Prempeh na Biyu, a sa mata suna Kotoko. Ran 31 ga Agusta, 1935 aka ƙaddamar da ita, Sarki kuma ya zama ubanta.

Kotoko da harshen Asantawa, waɗanda kakanninmu fataken goro suke kira Tonawa, ita ce beguwa, kuma ita ce alamar masarautarsu tun zamanin yaƙe-yaƙe. Kirarinta shi ne "Kum apem a, apem beba", wato in ka kashe dubu, dubu za su zo. Shi ya sa ba a yi wa sunan wasa, kuma har yanzu Otumfuo Osei Tutu na Biyu shi ne uban ƙungiyar, shi ke naɗa masu tafiyar da ita.

Baba Yara

Kotoko ta fara ɗaukar kofin lig na ƙasa a 1959. Tauraronta a wannan zamani shi ne Osman Seidu, wanda duniya ta sani da Baba Yara, ɗan wasan gefe da ake yi wa laƙabi da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. A 1961, zamanin mulkin Kwame Nkrumah, darektan wasanni Ohene Djan ya kafa ƙungiyar Real Republicans, ya riƙa ɗibar gwanaye daga manyan kulob-kulob. Daga Kotoko aka ɗauke Baba Yara da Dogo Moro, abin da ya ɓata wa mutanen Kumasi rai ƙwarai da gaske.

Ran 24 ga Maris, 1963 motar 'yan Republicans ta yi haɗari a Kpeve, cikin yankin Volta, suna komowa daga wasa. Baba Yara ya sami rauni a ƙashin baya. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, amma bai sake takawa da ƙafarsa ba, har Allah ya yi masa rasuwa ran 5 ga Mayu, 1969. Allah ya jiƙansa. A zamanin Shugaba Kufuor aka sa wa babban filin wasa na Kumasi sunansa. Ku duba fa, a tsakiyar birnin Asantawa, filin da ke cin mutum wajen dubu 40 sunan Baba Yara yake amsawa.

Kofin Afirka na farko

A 1967 Kotoko ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kulob-kulob na Afirka, ta haɗu da TP Englebert ta Lubumbashi, wadda yanzu ake kira TP Mazembe. An tashi 1 da 1 a Kumasi, aka kuma tashi 2 da 2 a Kinshasa. Hukumar ƙwallon Afirka ta ce a sake karawa a Yawunde, amma saƙon bai isa ga Kotoko ba, sai aka miƙa wa Englebert kofi ba tare da an buga ba.

Hausawa sun ce ramin mugunta a gina shi gajere, mai haƙuri kuma yakan dafa dutse. A gasar 1970 ƙungiyoyin biyu suka sake gamuwa. An yi kunnen doki 1 da 1 a Kumasi, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Amma a watan Janairu na 1971, a Kinshasa, gaban Shugaba Mobutu, Kotoko ta ci 2 da 1. Abukari Gariba ne ya jefa ta farko, Malik Jabir ya jefa ta biyu, shahararren gola Robert Mensah kuwa ya tsare gida. Ibrahim Sunday yana cikin wannan runduna, shi ne kuma aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1971. A 1975 ya tafi Werder Bremen, ya zama ɗan Afirka na farko da ya buga gasar Bundesliga ta Jamus.

Bayansu sai ga Abdul Razak, haifaffen Kumasi, wanda ya taso a Cornerstones ya koma Kotoko a 1975. Yana cikin 'yan Black Stars da suka ɗauki kofin ƙasashen Afirka a nan gida a 1978, a shekarar kuma ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Daga baya ya komo a matsayin koci, ya ciyo wa Kotoko kofin lig a 2003.

Shekarar yunwa, shekarar kofi

Dattawanmu ba za su manta da 1983 ba. Ga fari, ga gobarar daji, ga 'yan'uwa kusan miliyan da aka koro daga Nijeriya. A cikin wannan ƙunci ne Kotoko ta share wa jama'a hawaye. Al Ahly ta Masar ta doke ta a wasan ƙarshe na 1982, sai suka sake haɗuwa a 1983. An tashi babu ci a Alƙahira, a Kumasi kuma Opoku Nti ya jefa ƙwallo ɗaya tilo da ta kawo kofi. Kocin da ya jagorance su shi ne Ibrahim Sunday, wato ya ɗauki kofin yana ɗan wasa, ya kuma ɗauke shi yana mai horarwa.

Ban da waɗannan biyu, Kotoko ta zo ta biyu a 1967 da 1971 da 1973 da 1982 da 1993. Saboda wannan tarihi ne ƙungiyar masu ƙididdigar ƙwallon ƙafa ta duniya, IFFHS, ta zaɓe ta gwarzuwar kulob ta Afirka a ƙarni na 20. A gida kuwa ta ɗauki kofin lig fiye da sau 20, babu ƙungiyar da ta kamo ta, ta sake ɗauka a kakar 2021/22, ta kuma ci kofin FA a 2025.

Abin da ya rage mana

Gaskiya ɗaya ce: tun 1983 kofin Afirka bai sake kwana a Kumasi ba. A 2002 Wydad ta Maroko ta hana ta kofin masu riƙe da kofuna, a gasar Confederation ta 2004 kuma babbar kishiyarta Hearts of Oak ta doke ta da bugun fenariti a Kumasi. Dalili a fili yake. A da ɗan wasa kan yi shekara goma a kulob ɗaya, yanzu kuwa da zarar yaro ya yi fice sai a saye shi zuwa waje, alhali kulob-kulob na Masar da Maroko da Afirka ta Kudu suna da kuɗin riƙe nasu.

Akwai kuma abin da ya fi rashin kofi ciwo. Ran 9 ga Mayu, 2001, a wasan Hearts da Kotoko a Ankara, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, aka yi turmutsitsi, mutum 126 suka rasu, da yawansu samarin zango ne irin na Nima. A watan Fabrairu na 2025 ma an daɓa wa wani magoyin bayan Kotoko wuƙa a Nsoatre ya mutu, har aka dakatar da gasar lig na wani lokaci. Babu ƙwallon da ta kai ran mutum.

Saboda haka muna kira ga iyaye da sarakunan zango da limamai. Baba Yara da Razak ba daga sama suka faɗo ba, a filayen unguwa suka koyi wasa. A kiyaye wa yara waɗannan filaye kada a gine su, a taimaki masu horar da ƙananan ƙungiyoyi, a kuma tsaya wa yaro ya haɗa ƙwallo da karatu, domin labarin Baba Yara ya nuna mana ƙafa tana iya tsayawa rana ɗaya. Samari kuma in an je fili a yi kallo, a yi shewa, a komo gida lafiya. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.