Kada Mu Jira Ƙarshen Zango Kafin Mu San Yaro Bai Gane Ba

A ƙarshen kowane zangon karatu, da yawa a cikinmu mukan karɓi takardar sakamako mu tarar da jan biro a gaban lissafi. Uba ya yi faɗa, uwa ta yi tagumi, yaro ya sunkuyar da kai. Amma ba mu cika tambaya ba: a wane mako ne yaron ya ɓace hanya, wa kuma ya lura? Sau da yawa abin ya faru tun farkon zango, ba a gano ba sai da aji ya yi nisa.

A 1982 Nijeriya ta soma tsarin 6-3-3-4, wanda ya kawo ƙaramar sakandare ta shekara 3, tare da gwaji a kai a kai da malamai ke kira C.A. Nufin shi ne kada jarrabawa ɗaya ta yanke wa yaro hukunci. Sai dai a makarantu da yawa abin ya koma tara maki kawai: a yi gwaji, a rubuta lamba a rajista, a wuce gaba.

A 1998 malamai biyu na King's College a Landan, Paul Black da Dylan Wiliam, sun duba bincike wajen 250. Suka tarar cewa gwajin da malami ke yi yana tsakiyar koyarwa, domin ya gyara darasi nan take, yana ɗaga ilimin yara ƙwarai, musamman waɗanda ke baya a aji.

Aikin yana farawa ne da manufa. Rubuta "Lissafi, shafi na 40" a allo bai gaya wa yaro kome ba. Gara malami ya ce, "Kafin a buga ƙararrawa, kowa zai iya haɗa rabi da sulusi." Yanzu yaro ya san inda aka nufa.

Daga nan sai dubawa. Malami ya rubuta 1/2 + 1/3, kowane yaro ya sa amsarsa a ƙyallen takarda ya ɗaga sama. Idan rabin aji sun rubuta 2/5 maimakon 5/6, ya san sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Sai ya zana burodi a allo ya tambaye su: in kana da rabi aka ƙara maka, yaya za ka koma ƙasa da rabi? Ko yara sun kai 80, ana iya yin wannan ba tare da kashe kwabo ba. Tambayar nan ta "Kun gane?" kuwa ba ta da amfani, gama kowa "I, Malam" zai ce.

Akwai kuma haƙuri. Mary Budd Rowe a Amurka ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa 1 bayan sun yi tambaya. Da suka jira daƙiƙa 3, amsoshi suka ƙara tsawo, masu shiru kuma suka soma magana. A 1988 Ruth Butler a Isra'ila ta nuna cewa yaran da aka rubuta musu gyara kaɗai sun fi ci gaba a kan waɗanda aka ba maki, har ma da waɗanda aka ba maki haɗe da gyara. Ido kan tsaya a kan lamba ya manta da shawara.

'Yan'uwa iyaye, mu ma muna da namu rabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sa'ad da yaro ya dawo gida, maimakon "Nawa ka ci?" mu ce masa, "Me ka iya yau da ba ka iya jiya ba? Nuna mini." In ya kasa nunawa, gobe mu leƙa wurin malaminsa.