JAN MAI BA DUKA NE ƊAYA BA: ABIN DA KE KASHE GIYAR MOTOCIN JIF

Duk wanda ya shiga kasuwar Ladipo a Ikko, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, zai tarar da giyabos na motocin jif jibge a ƙasa kamar doya da kaka, masu saye kuwa ba su yankewa. Da yawa daga cikinsu ba haɗari suka yi ba. Wata rana ce kurum da safe aka sa mota a D, inji ya yi ta kuka, ita kuwa ta ƙi gusawa. In an bi diddigi, sau da yawa sai a tarar ɓarnar ta faro ne daga wani galan na mai da aka zuba watanni da suka wuce, wanda mai kanti ya ce ai jan mai duk ɗaya ne.

To, ba ɗaya ba ne. Jan nan da ake gani rini ne kawai, ana sa shi domin in mota tana yoyo a bambanta shi da baƙin mai.

A motar da ake sa wa giya da hannu, aikin mai shi ne ya shafe haƙoran ƙarfe kada su ci juna. A mota otomatik kuwa aikinsa ya wuce nan nesa. Tsakanin inji da giya akwai wani tulun ƙarfe cike da mai, a cikinsa da fanka biyu suna fuskantar juna; ta inji ta watsa mai, man ya juya ta giya, watau man ne da kansa ke ɗaukar ƙarfin inji. Shi ne kuma ke matse fayafayan kuloci na ciki lokacin da giya za ta canja, shi ne ke kwashe zafi. Kowane kamfani ya ƙera fayafayansa ne bisa wani gwargwado na santsi. In santsin man ya yi yawa sai su riƙa zamewa suna ƙonewa a hankali, in ya yi kaɗan sai mota ta riƙa fizga kamar doki sabon horo.

Tun da kamfanin General Motors na Amurka ya fito da giyar otomatik a motar Oldsmobile ta 1940 ake ta sauya wannan mai. A 1967 ya fitar da ma'aunin da ake kira Dexron, kuma abin mamaki, har zuwa farkon shekarun 1970 akan haɗa da kitsen wani ƙaton kifin teku a ciki, kafin Amurka ta hana. Dexron III ya fito a 1993, ya kuma daɗe yana yi wa motoci iri-iri aiki, shi ya sa har yau wasu makanikai su ke ɗauka shi ne maganin kowace giya. Amma tun tuni kamfanoni suka rarrabu, kowa ya kama gabansa.

A ɗauki motocin da suka cika titunanmu. Lexus RX300 da Toyota Highlander ta farko suna shan wanda ake kira T-IV. RX350 da Highlander ta 2008 zuwa sama suna shan WS, wanda ya fi tsinkewa, kuma kamfanin da kansa ya hana a gauraya su. Honda CR-V da Pilot nasu daban, a da Z1, daga baya DW-1 ya maye gurbinsa. Babban tarko kuwa shi ne Nissan Murano. Giyarta irin wadda ake kira CVT ce, ɗamarar ƙarfe ce ke gudu tsakanin kura biyu, man da ta ke sha kuwa NS-2 ne a tsofaffi, NS-3 a na baya. Wanda ya zuba mata jan mai na gama-gari, lalle ya fara tara kuɗin wata giyar. Sunan man da ya dace yana cikin littafin mota, a wasu kuma an rubuta shi a jikin gejin da ake tsomawa. Da ya ke yawancin tokumbo ba su zuwa da littafi, sai a nemi bayanin da lambar shasi. A kuma sayi mai a wurin dillalin da aka sani, a duba hatimin murfi, domin jabu ya yi yawa, galan na gaske mai na ƙarya.

Duba man ma akwai ƙa'ida. A Toyota mai geji, sai mota ta yi zafi, tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki, giya a P. A tsofaffin Honda kuwa sai an kashe inji sa'an nan a duba nan take. A ɗiga man a kan farar takarda. In ja ne garau, lafiya lau. In ya yi ruwan ƙasa, lokacin canji ya yi. In ya yi baƙi yana ƙauri, fayafayai sun riga sun fara ƙonewa. In kuwa ya fito kamar an zuba nono a zoɓo, to, ruwan lagireto ne ya shiga, kada a ƙara tuƙa motar ko nan da can. Wannan cuta ta shahara a Nissan Pathfinder ta 2005 zuwa 2010, inda bututun sanyaya man giya ke fashewa a cikin lagireto.

Sababbin motoci da yawa, kamar RX350 ta 2010 zuwa sama, ba su da geji sam. Ana gane cikar man ne ta wata ƙusa a ƙarƙashin giya, lokacin da zafinsa ya kai wajen digiri 40, kuma sai da na'urar da ke karanta kwamfutar mota ake sanin haka da kyau. Makaniken da ya ce zai gane da tafin hannu, a gode masa a ƙara gaba. Akan ce wa masu irin waɗannan motoci man nasu na har abada ne. Ko Toyota ɗin ma ta ce a canja shi a mil 60,000 in motar tana jan kaya. Wanda ya san cunkoson gadar Third Mainland, ko zafin Afrilu a Sakkwato da Maiduguri da ke haura digiri 40, ya san motar ƙasar nan kullum cikin aikin wahala ta ke, zafi kuwa shi ne babban abokin gabar wannan mai. Canji a tsakanin kilomita 40,000 zuwa 60,000 ba almubazzaranci ba ne.

Wajen canjin ne ake yawan yin gardama a gareji. Giyar irin waɗannan motoci takan ɗauki lita 7 zuwa 10, amma in an kwance ƙusar ƙasa lita 3 zuwa 4 kaɗai ke fita, saura yana maƙale a tulun nan. Sabo da haka masu hankali sukan tsiyaye, su auna abin da ya fita, su mayar da daidai shi, a yi 'yan kwanaki ana tuƙi, a sake, har sau uku. In giyar mai faranti ce a ƙasa, a kwance shi a wanke, a share maganaɗisun da ke ciki, a sa sabon filta da gaskit. Laushin baƙin gari a jikin maganaɗisu ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli shi ne mugun labari. Tsohuwar giyar da ba a taɓa canja mata mai ba kuwa, wadda manta ya riga ya ƙone, kada a yarda a sa mata injin wanki mai tura mai da ƙarfi, domin dattin da ya tashi yakan toshe ƙananan hanyoyin mai, motar da ta shigo da ƙafarta a fitar da ita a kan tirela.

Jif mai jan ƙafa huɗu tana da wasu akwatunan mai, kamar na tsakiya da na aksul ɗin baya, kowanne da irin nasa. CR-V ma na bayanta mai ne na musamman na Honda, in ya tsufa sai a riƙa jin gurnani daga baya duk lokacin da aka sha kwana. Ranar da giya ta tsaya a hanya kuwa, kada a ɗaura mata igiya a ja ta daga Zariya zuwa Kano. In inji ba ya aiki famfon mai ba ya juyawa, giyar a bushe za ta yi tafiyar. Sai a nemi motar da za ta ɗauke ta gaba ɗaya.