Ƙananan halittun gindin teku da rabon Nijar a cikinsu

Wanda ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda a ƙarshen rani, lokacin da ruwan kogin Isa ya janye, yana ganin duwatsun da ruwa ya ɓoye sun fito fili. Masunta sun san cewa a wasu wurare na kogin akwai kawa manne da irin waɗannan duwatsu. Ba ta tafiya neman abinci, ruwa take tacewa ta ci abin da ya kawo mata. To, a gindin manyan tekunan duniya akwai wasu halittu masu irin wannan zama, waɗanda masana ke kira biriyozowa, wato dabba mai kama da gansakuka.

Zaman gandu

Yawanci girman kowace ɗaya wajen rabin milimita ne, kamar ƙwayar rairayi. Ba sa zama ɗai-ɗai. Ɗaruruwa ko dubbai ne ke haɗuwa, kowace da ɗakinta, ɗakunan a jere kamar saƙar zuma. A nau'o'i da yawa aiki a rabe yake kamar na gandu: wasu na miƙa siraran hannuwa su kamo abinci, wasu masu baki irin na tsuntsu su kori mai cuta, wasu su riƙe ƙwai, wasu su zama saiwa. Abin da masu kamun suka samu yana ratsawa ta ƙananan kafofi ya kai ga sauran. An san nau'i wajen 6000 masu rai a yau, kuma sun fi shekara miliyan 450 a duniya.

Jirgin binciken Ingila mai suna Challenger, wanda ya zagaya tekuna daga 1872 zuwa 1876, ya ɗebo su da yawa daga zurfi. Jirgin Galathea na ƙasar Danmak kuma, a tafiyarsa ta 1950 zuwa 1952, ya same su a ramin Kermadek na tekun Pasifik, a zurfin da ya zarce mita 8000.

Can ƙasa babu hasken rana, ga sanyi, ga nauyin ruwa. Abincinsu ɓurɓushin matattun halittu ne da ke sauka a hankali kamar ƙurar hunturu. Ruwan da ya wuce zurfin mita 4000 zuwa 5000 yana narkar da alli, shi ya sa na can ba su cika yin ɓawo mai kauri ba, jikinsu mai laushi ne. Ƙasan kuma laka ce, saboda haka wasu ke kafa saiwa a cikinta, wasu su nemi abu mai tauri su manne.

Ina ruwanmu?

Mai karatu zai ce Nijar ba ta da teku. Gaskiya ne, amma ta taɓa yi. Shekara wajen miliyan 60 da suka wuce, ruwan teku ya rufe yankin Tawa har zuwa Sakkwato. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, ɓawon halittun wannan teku ne ya taru ya daskare.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Tsakanin Hawai da Meziko, a yankin da ake kira Kilariyon-Kilipaton, gindin teku cike yake da dunƙulen ma'adinai kamar dankali, masu ɗauke da manganis, nikel, kobal da tagulla. Kamfanoni na neman izinin kwashe su. Waɗannan dunƙule su ne abu mai tauri da biriyozowa da wasu halittu ke mannewa a kai, kuma milimita kaɗan suke ƙaruwa cikin shekara miliyan guda. In an kwashe, gida ya tafi ke nan. A 1989 masanan Jamus sun ja garma a gindin teku daura da ƙasar Peru don gwaji. Da aka koma a 2015, sawun garmar yana nan, halittun wurin kuma ba su gama komawa yadda suke ba.

Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982, ta ce gindin tekun da ke wajen iyakar ƙasashe gadon ƴan Adam ne baki ɗaya, har da ƙasashen da ba su da gaɓa. Nijar ta amince da ita a 2013, saboda haka tana da kujera da murya a hukumar da ke kula da wannan gado a Kingiston ta ƙasar Jamaika.

Mu da muka san haƙar yuraniyom a Arlit, mun san cewa arzikin ƙasa ba ya fita sai ya bar tabo. Ya kamata ma'aikatanmu su riƙe wannan kujera da ilimi, ɗaliban kimiyya na Jami'ar Abdu Mumuni da ke Harobanda kuma su sa ido ga wannan fanni. Mai rabo a gado, wajibi ne ya san abin da ke cikinsa tun kafin a fara rabawa.