Tayar kat-kat: iska da hannun direba ne ke yanke mata kwana

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi, Tawa da Damagaram, duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Diffa zai ga ɓallin roba baƙi warwatse a bakin kwalta. Ragowar tayoyi ne da suka fashe ana cikin gudu. Wasu na manyan motoci ne, wasu kuma na kat-kat irin su Hilux da Land Cruiser, waɗanda ƴan kasuwa, ma'aikatun gwamnati da masu jigilar ƙauye suka dogara da su. Akan ɗora laifin a kan hanya ko a kan ingancin taya. Gaskiya ne suna da nasu kaso, amma abin da ya fi kashe taya shi ne zafin da ke taruwa a cikinta, kuma abubuwa uku da ke haddasa shi duk suna hannun direba: ƙarancin iska, yawan lodi da gudu.

Yadda ƙarancin iska ke dafa taya

Iskar da ke cikin taya ce ke ɗauke da nauyin mota, robar kuwa riƙe iskar take yi. In iska ta yi kaɗan, gefen taya yakan lanƙwashe ya miƙe a kowane juyi, sau ɗaruruwa cikin minti guda. Wannan lanƙwasa tana haifar da zafi, kamar yadda waya ke ɗumi in ana ta lanƙwasa ta da hannu. Zafin yana raunana haɗin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfen da ke cikinta, har wata rana bayan tayar ya ɓalle gaba ɗaya. Ɓarnar ba ta gyaruwa: ko an cika iska daga baya, raunin yana nan a ɓoye.

An ga haka a Amurka. A watan Agusta na shekarar 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6,5 daga kasuwa bayan haɗurra masu yawa, galibi na motar Ford Explorer a jihohi masu zafi, inda mutane sama da 200 suka rasu. An sami aibi a ƙirar tayoyin, amma an kuma yi ta gardama kan awon iska: Ford ya ba da shawarar PSI 26, wato kusan bar 1,8, Firestone kuma ya ce 30 ya dace. Bayan wannan ne ƙasar ta tilasta a sa wa sabbin motoci na'urar da ke gargaɗin direba in iskar taya ta ragu.

Cika iska fiye da kima shi ma da nasa illa. Tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, sai ta riga gefe cinyewa, birki ya rage kamu, dutse ko rami kuma ya fi saurin fasa ta.

Awon da ya dace

Awon da kamfanin mota ya tsara yana rubuce a wata ƴar takarda a jikin ƙofar direba, ko cikin littafin motar. Sau da yawa akwai lamba biyu: ta mota ba kaya da ta mota da lodi. Lambar da ke jikin taya ita kanta iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake bi kullum ba.

Ana awo ne taya tana sanyi, da safe kafin a tashi. Tayar da ta yi tafiya takan nuna ƙarin bar 0,2 zuwa 0,3, kuma haka ya kamata. Kuskuren da wasu direbobi ke yi shi ne su tsaya a Dogon Dutsi ko Ƙonni da tsakar rana, su ji taya ta yi zafi, su sace mata iska don kada ta fashe. Hakan ƙara mata lanƙwasa yake yi, zafi ya ƙaru. In taya ta yi zafi, a tsaya a inuwa ta huce.

Ko ba huji, taya tana rage iska a hankali, don haka awo sau ɗaya a wata shi ne mafi ƙaranci, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, har da tayar ajiya. Dukan taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne. Masu ƙetarawa Katsina ko Kano su lura cewa masu faci a can da PSI suke awo: bar 1, wanda direbobi ke kira kilo ɗaya, daidai yake da PSI 14,5, wato bar 2,5 ya kama kusan PSI 36.

Daga rairayi zuwa kwalta

A cikin rairayi, kamar hanyoyin ƙauyukan Dakoro, Tanut ko Gure, rage iska dabara ce mai kyau. In aka sauko zuwa wajen bar 1,5, tafin taya yana ƙara tsawo, mota ta bi saman yashi maimakon ta nutse. Sharaɗin shi ne tafiya a hankali, ba juya sitiyari da ƙarfi, don taya na iya zamewa daga ƙarfenta. Gefen da ya kumburo kuma ya fi saurin haɗuwa da ƙayar aduwa ko kututturen itace, kuma yankan gefe ba a yi masa facin da za a amince da shi.

Hatsarin yana zuwa ne in an fito kwalta. Direban da ya hau hanya da iskar rairayi, ya taka mota da lodi yana cewa zai cika in ya kai gari, yana iya lalata taya huɗu a tafiya guda. Ƙaramin injin iska da ake jonawa da batirin mota bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Haka ma giyar ƙafa huɗu. A yawancin Hilux da Land Cruiser masu ɗaukar kaya, an yi ta ne don yashi, laka da tsakuwa. In aka bar ta a kan busasshiyar kwalta, ƙafafun gaba da na baya suna ɗaure da juna, a kowace kwana taya sai ta goga ƙasa da ƙarfi. Roba ta tafi, kayan ƙarƙashin mota su ma su sha wuya.

Lodi da gudu

Kowace taya tana da lambar nauyi da harafin gudu bayan girmanta. A rubutu kamar 265/65 R17 112S, lamba 112 tana nufin kilo 1.120 ga taya ɗaya, harafin S kuma kilomita 180 a awa, in iska ta cika daidai. Motar da aka danƙara wa buhunan gero ko niyebe, fasinjoji kuma suka hau sama, nauyin a kan tayoyin baya yake sauka, kuma nan ne aka fi samun fashewa. Tashi da ƙarfi, taka birki kwatsam da shiga kwana da gudu duk suna kankare zanen taya. Faɗawa rami da gudu yana tsinka zaren ciki, ƙullutu ya fito a gefe. Tayar da ta yi ƙullutu ta gama aiki.

Abin da taya ke faɗa

Yanayin cinyewar zane yana nuna inda matsala take. Gefe biyu sun riga tsakiya: iska ta yi kaɗan. Tsakiya ta riga gefe: iska ta yi yawa. Gefe ɗaya kaɗai: ƙafafun mota sun karkace, sai an kai gareji an daidaita su. Sauya wa tayoyi wuri bayan kowane kilomita 8.000 zuwa 10.000 yana sa su tsufa tare, abin da kat-kat ke buƙata fiye da ƙaramar mota. A cikin ramukan zane akwai ƴan tudu da ke nuna milimita 1,6. In zane ya yi daidai da su, lokacin canji ya yi, kuma mai shiga laka da damina bai kamata ya jira har nan ba.

Mai sayen tayar gwanjo ya duba shekarunta kafin zanenta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin gwani kowace shekara in ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma sauke ta in ta kai 10 da ƙerawa, ko da zanenta bai ƙare ba. Tayar da ta fara tsattsagewa a gefe, komai arharta, ba ta dace da motar da za ta ɗauki mutane zuwa Agadas ba.