Haƙoran Roba da Siffar Fuska

Idan mutum ya rasa haƙoransa na gaba, ba tauna kaɗai ya rasa ba. Leɓensa yakan shige ciki, maganarsa ta sāke, ya riƙa rufe baki in zai yi dariya. Likitan haƙori yana iya yi masa na roba. To, yaya zai zaɓi waɗanda za su dace da shi?

A shekarar 1914 wani likita mutumin Amurka, James Leon Williams, ya fito da wata ƙa'ida. Ya ce in aka juya fuskar mutum, goshi ƙasa haɓa sama, siffarta za ta yi daidai da ta babban haƙorinsa na gaba na sama. Goshi shi ne bakin haƙori, haɓa kuwa gindinsa wajen dasashi. Ya kasa haƙora kashi 3: mai kusurwa huɗu, da mai tsukakken gindi, da mai kama da ƙwai. Masu ƙera haƙora suka karɓi wannan, suka yi ta aiki da shi.

Daga baya masana suka auna fuskoki da haƙoran mutane masu yawa, suka tarar sau da yawa siffofin biyu ba su yi daidai ba. Ashe ƙa'idar mafari ce kawai. A 1955 waɗansu likitoci biyu, Frush da Fisher, suka ce a duba shekarun mutum, da halinsa, da ko namiji ne ko mace. Haƙoran dattijo sun ɗan cinye a baki, haskensu ya ragu. In aka sa masa farare fat, jere reras kamar na yaro, kowa ya gani ya san na roba ne.

Akwai kuma abin da ƙa'idar ba ta sani ba, wato wushirya. A wurinmu ado ce. Haƙoran roba kuwa a haɗe akan jera su, sai in mai su ya faɗa.

Saboda haka, kai mutumin Bagudo, ko Illo, ko Lolo can bakin iyakar Benin, in za ka ɗauki doguwar hanya zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato domin wannan aiki, kada ka tafi hannu sake. Nemi tsohon hotonka wanda haƙoranka suka bayyana a ciki, gani ya kori ji. Tafi da ɗan'uwanka wanda ya san fuskarka tun da. Kafin a gama aikin, akan jera haƙoran a kan kaki a gwada maka. Nan ne wurin magana. Dubi madubi, yi murmushi, yi magana, ka faɗi abin da bai yi maka ba. Muddin suna kan kaki gyara ba wuya. In an gasa roba ta daskare, gyara sai da sabon kuɗi da sabuwar tafiya.