Karatun Manya a Ƙasar Mayahi da Tasawa

Karatun manya, wanda aka fi sani da yaƙi da jahilci, shi ne koyar da karatu da rubutu da lissafi ga waɗanda shekarun shiga makarantar boko suka wuce su, kuma Nijar ta soma shi a hukumance a farkon shekarun 1960 da tallafin UNESCO. Tun taron yaƙi da jahilci da aka yi a Tehran a 1965 masana suka raja'a a kan karatu mai aiki, wato wanda ake ɗebo darussansa daga sana'ar mai koyo, kuma a Atantane da sauran ƙauyukan Mayahi da Tasawa, inda hatsi da wake suke riƙe da gida, babu hanyar da ta fi wannan dacewa.

A fannin lissafi ake gane ƙwararren malami. Manomin da ya shekara talatin yana auna hatsi da tiya ya riga ya iya ƙidaya a ka, abin da ke ruɗa shi kawai shi ne a kasuwa da dala ake ƙirga kuɗi, wadda take daidai da sefa 5, alhali a takarda sefa ake rubutawa, ta yadda abin da baki ya kira dala ɗari, alƙalami 500 yake sakawa. Malamin da ya fara warware wannan ƙulli ya ja hankalin ajinsa tun makon farko, wanda kuwa ya sa dattijo rera baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya ya zubar masa da girma, kuma da wuya ya sake ganinsa.

Da rani ake buɗe azuzuwa, bayan an killace amfanin gona, sai dai a lokacin ne maza da dama suke tafiya ci-rani, shi ya sa ƙungiyoyin mata, irin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta assasa a jihar Maradi a 1991, suke da muhimmanci, domin mambobinsu suna da zubi da bashin da za su rubuta kowane mako.

Babbar barazana ita ce mantuwa bayan an tashi aji. Shirin ABC, wanda aka gwada a jihohin Damagaram da Dosso daga 2009, ya haɗa darasi da koyon rubuta saƙo a wayar salula, kuma ɗalibansa sun zarce takwarorinsu da ba a koya wa amfani da waya ba a jarrabawar rubutu da lissafi. Wajibi ne duk mai buɗe aji a ƙasar Mayahi da Tasawa ya tanadi abin da ɗalibai za su riƙa karantawa da rubutawa kafin damina ta mayar da su gona.