Kwarin Komadugu: Abin da mai shirin ziyara ya kamata ya sani

A ƙasar Norway, manoma da dama sukan ware ɗakuna a gonakinsu domin saukar da baƙi masu zuwa kallon mashigan teku da ke ratsa tsakanin duwatsu, wanda hakan ke kawo musu kuɗin shiga baya ga abin da suka noma. Wannan ne ya sa muka waiwayi namu yankin, wato kwarin kogin Komadugu Yobe da ke Jihar Diffa a Jamhuriyar Nijar, domin mu ga abin da mai son kwana a gona zai tarar a can.

Da farko dai, ruwan da baƙo daga Kano zai gani a Diffa ruwan gidansu ne. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne suke haɗuwa su zama Komadugu, ya bi ta Gashuwa da Geidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, kafin ya faɗa Tafkin Chadi a kusa da Boso. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, abin da aka riƙe ko aka saki a Kano yana shafar manomin Diffa.

A gaɓar wannan kogi ne Barebari suke noman tattasan da ake yi wa kirari da jan zinare, wanda ake busarwa a ɗura a buhuna, akasarinsa kuma kasuwannin Nijeriya ake kai shi. Akwai kuma shinkafa da albasa da masara. Idan aka nufi gabas zuwa gundumar Boso, sai a isa Tumur, garin da ya yi suna da Fulani makiyaya, can gaba kuma a bakin tafki akwai shanun kuri masu manyan ƙahonni. Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne na sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ilin da ake tsinkar tattasai ana shanya shi. Ƙarshen damina kuwa lokacin ambaliya ne, kamar yadda aka gani a 2019 da 2022.

Hanyar zuwa ita ce babbar hanya mai lamba ɗaya da ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi da Damagaram da Gure da Maine Soroa, mahaifar marigayi Shugaba Mamadou Tandja. Daga Yamai zuwa Diffa ya haura kilomita 1,300. A ƙauyukan kwarin, al'ada ita ce baƙo ya sauka a hannun mai masauki, wanda zai gabatar da shi ga mai gari, ya ba shi ɗaki da abinci, ya kuma tsaya masa idan wani abu ya taso.

To, sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Fabrairun 2015 ne 'yan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babura, ta kuma dakatar da cinikin tattasai da kifi bisa zargin cewa maharan na samun kuɗi ta nan. Sai a 2017 aka ɗage takunkumin tattasai, na kifi kuma a 2019. A daren 12 ga Disambar 2020 aka afka wa Tumur, aka kashe aƙalla mutum 27, aka ƙona kasuwa da ɗaruruwan gidaje. Yawancin baƙin da mutanen kwarin suka saukar tun daga wancan lokaci 'yan gudun hijira ne daga Damasak da Malam Fatori da sauran garuruwan Borno, kuma sun raba ɗan abin da suke da shi da su ba tare da karɓar ko sisi ba.

Don haka shawararmu ga mai niyya ita ce, kada ya kama hanya sai ya samu mai masaukin da ya amince da shi, ya riƙe takardun shaidarsa, ya guji tafiyar dare, sannan ya tsaya a cikin garin Diffa har sai hukuma da mutanen gari sun tabbatar masa da lafiyar hanyar ƙauyen da zai je. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ranar da manomin Komadugu ya samu damar kwana a gonarsa hankali kwance, ranar ce zai iya gyara wa baƙo ɗaki a cikinta. Allah Ya kawo mana wannan rana.